Siffar molikul ce ke yanke hukuncin folariti, lambobin hadda ba su isa ba

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da ɗaliban kemistiri da 'yan'uwanmu malamai kan wani darasi da ake yawan tuntuɓe a cikinsa, a aji da kuma zauren jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Darasin shi ne rabuwar caji a cikin molikul, wanda littattafai ke kira folariti, da ma'auninsa da ake kira daifol. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata ƙa'ida ce da ta yaɗu a takardun hadda da yara ke kwafa hannu da hannu: wai a duba bambancin ƙarfin jan ilektiron tsakanin atom biyu, in ya wuce 0.4 sai a rubuta cewa sinadarin mai gefe biyu ne, wato gefe ɗaya fozitif ɗaya negetif, shi ke nan. Wannan ƙa'ida ɗauri guda ɗaya take magana a kai. Ba ta isa ta yi hukunci kan molikul gaba ɗayansa ba, kuma ɗalibin da ya jingina da ita zai faɗi tambayar farko da aka yi masa kan iskar CO2.

Idan atom biyu suka haɗa ilektiron suka yi ɗauri, ba kullum rabon ke zama daidai ba. Wani atom ya fi wani ƙarfin janyo ilektiron ɗin zuwa wajensa. Linus Pauling ne ya fitar da ma'aunin wannan ƙarfi a 1932, kuma lambobin da ake aiki da su yau su ne: fulorin 3.98, oksijin 3.44, kulorin 3.16, naitirojin 3.04, salfa 2.58, kabon 2.55, haidirojin 2.20. A cikin H2 ko Cl2 ko N2 ƙarfin bai bambanta ba, don haka ilektiron na zaune tsakiya. A cikin HCl kuwa kulorin ya fi haidirojin da 0.96, sai gajimaren ilektiron ya karkata wajen kulorin. Gefen kulorin ya ɗan zama negetif, gefen haidirojin ya ɗan zama fozitif, shi ya sa ake sa musu alamar δ− da δ+. Wani yanki ne na caji, bai kai caji guda cikakke ba.

Daifol shi ne girman wannan caji sau tazarar da ke tsakanin gefen biyu. Peter Debye, haifaffen garin Maastricht a ƙasar Holan, shi ya fara nuna a 1912 cewa wasu molikul suna ɗauke da wannan rabuwa a kodayaushe, ko ba a sa su cikin filin lantarki ba. Ya karɓi lambar Nobel a 1936, kuma da sunansa ake auna daifol: debai ɗaya, wanda ake rubutawa D, daidai yake da 3.336 × 10⁻³⁰ kulom-mita. Akwai lamba guda da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe saboda tana buɗe lissafi da yawa. Cajin ilektiron ɗaya shi ne 1.602 × 10⁻¹⁹ kulom. In aka raba shi da caji fozitif irinsa da tazarar fikomita 100 (fikomita ɗaya 10⁻¹² mita ne), daifol ɗin zai zama 4.80 D.

Ga amfaninta. Tsawon ɗaurin HCl fikomita 127 ne. Da kulorin ya ƙwace ilektiron ɗin ɗungurungum, da daifol ya zama 4.80 sau 1.27, wato kusan 6.1 D. Abin da aka auna kuwa kusan 1.08 D ne. Raba 1.08 da 6.1, ka sami kusan kashi 18 cikin ɗari. Wannan shi ne hakikanin ma'anar δ da ke kan allo. A yi wa HF haka: tsawonsa fikomita 92, daifol 1.82 D, ya ba da kusan kashi 41. HBr mai 0.82 D ya ba da kusan kashi 12, HI mai 0.44 D kusan kashi 6. A lura, ɗaurin yana ƙara tsawo daga HF zuwa HI, amma daifol yana raguwa, domin raguwar cajin ta rinjayi ƙaruwar tazarar. Ko gishirin miya, NaCl, idan aka mai da shi tururi aka auna molikul guda, 9.0 D yake bayarwa a tazarar fikomita 236, wato kusan kashi 79 ne, bai cika ɗari ba. Saboda haka babu wata katanga tsakanin ɗaurin rabo, inda atom biyu ke raba ilektiron, da ɗaurin ayon, inda ɗaya ya ƙwace su ya ɗauki caji cikakke. Iyakar bambancin 1.7 a ma'aunin Pauling da ake koyarwa a matsayin inda ayon ke farawa kintace ce mai taimako, amma HF da kansa ya keta ta: bambancinsa 1.78 ne, kuma molikul ne da ke tafasa a kusan digiri 20.

Duk wannan kan atom biyu ne. Da zarar atom sun kai uku, magana ta sauya, domin daifol yana da alkibla. Kowane ɗauri kibiya ce mai tsawo da fuskar da ta nufa, kuma ba a tara kibiyoyi yadda ake tara kuɗi. Kamar shanun huɗa biyu ne masu ƙarfi ɗaya: in aka ɗaura su ɗaya ya fuskanci gabas ɗaya yamma, garma ba za ta motsa ba komai ƙarfinsu, in kuwa suka ɗan karkata gefe guda, garma za ta bi tsakaninsu. Ga ɗauri biyu masu daifol ɗaya, lissafin shi ne: biyu, sau daifol ɗin ɗauri guda, sau kosain na rabin kusurwar da ke tsakaninsu.

A CO2 bambancin oksijin da kabon 0.89 ne, kowane ɗauri yana da gefe biyu sosai. Amma molikul ɗin miƙe yake sambal, kusurwa digiri 180. Rabinta 90, kosain na 90 sifili ne. Daifol sifili. A ruwa kusurwar digiri 104.5 ce, rabinta 52.25, kosain ɗinta 0.612. Daifol ɗin da aka auna a tururin ruwa 1.85 D ne, don haka in aka juya lissafin, kowane ɗaurin O–H yana ɗauke da kusan 1.51 D. Da ruwa miƙaƙƙe ne kamar CO2, da daifol ɗinsa sifili ne. SO2 yana kama da CO2 a rubuce, atom ɗaya a tsakiya da oksijin biyu, amma lanƙwasasshe ne a kusan digiri 119 saboda salfa yana da tagwayen ilektiron da ba su shiga ɗauri ba, kuma daifol ɗinsa 1.63 D ne. Yaron da bai zana siffa ba ba shi da hanyar bambance waɗannan biyun.

Hanyar da muke ba da shawara a bi, kuma a bi ta a jere ba tsallake, ita ce a fara ƙirga ilektiron na ɓawon waje na dukkan atom, a zana tsarin ɗigo na Lewis, sannan a ƙirga rukunonin ilektiron da ke kewaye da atom na tsakiya. Ɗauri mai layi biyu ko uku rukuni ɗaya ake ƙirga shi, kuma tagwayen da ba su shiga ɗauri ba su ma rukuni ne. Rukuni biyu suna miƙewa a 180, uku suna shimfiɗuwa a 120, huɗu suna yin siffar dala mai fuska huɗu a 109.5. Wannan ita ce ƙa'idar ture juna da Gillespie da Nyholm suka daidaita a 1957. Sai bayan siffa ta fito ake ɗora kibiya kan kowane ɗauri a tara su. Inda aka fi yin ɓarna shi ne mantawa da tagwayen atom na tsakiya. Ɗalibi ya rubuta H–O–H a layi ɗaya saboda haka ya fi sauƙin rubutu, sai ya gaskata abin da hannunsa ya zana.

Kuskure na biyu ya fi wannan wuyar ganewa, kuma takarda ce ke jawo shi. A ce a zana CH2Cl2. Yaro zai sa kabon a tsakiya, ya ja layi huɗu sama da ƙasa da dama da hagu, ya sa kulorin ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya ce sun soke juna. Amma kabon mai ɗauri huɗu ba a shimfiɗe yake ba, kamar yadda van 't Hoff da Le Bel suka nuna tun 1874. A siffar dala mai fuska huɗu, kowane ɗauri maƙwabcin sauran ukun ne a kusurwa kusan 109.5, babu biyun da ke ba juna baya. Daifol ɗin CH2Cl2 1.60 D ne. Maganin wannan ba ya buƙatar kayan ɗakin gwaji masu tsada. A hura balan-balan huɗu masu girma ɗaya a ɗaure bakinsu wuri guda, da kansu za su ture juna su ɗauki siffar. A fasa ɗaya, sauran ukun su shimfiɗe a 120. A sake fasa ɗaya, biyun su miƙe. Abin da ke ɓata gwajin shi ne a hura su ba daidai ba, ko a bar wuyansu da tsawo har su riƙa reto. Ko kuma a murza yumɓu a yi ƙwallaye, a soka tsinken ashana, a ba kowane ɗalibi ya juya shi a hannunsa ya nemi inda kulorin biyu za su ba juna baya, ya ga babu.

Dalilin da ya sa CH4 da CCl4 suke da sifili ma lissafi ne mai daɗi da ya kamata a nuna maimakon a ce a haddace. Kosain na 109.5 shi ne kusan −1/3. Ka ɗauki ɗauri ɗaya ya fuskanci sama, kowane ɗaya daga sauran ukun yana ja ƙasa da sulusin ƙarfinsa. Sulusi uku sun zama ɗaya cif, sun soke na saman.

Wannan lissafin yana kai mu ga wani abu da ya kamata malamai su sani ko da ba za su tambaye shi a jarrabawa ba. In ɗauri uku daidai suke da ɗaya da ke fuskantar akasin na huɗun, to ya kamata CH3Cl da CHCl3 su ba da daifol ɗaya. Aunawa ta ce a'a: na farko kusan 1.9 D, na biyu kusan 1.04 D. Dalili shi ne daifol ɗin ɗauri ba lamba ce tsayayyiya da ake ɗauka daga wannan molikul a kai wancan ba. Kulorin uku suna ja daga kabon guda, kowanne na samun ƙasa da abin da zai samu da shi kaɗai ne, kuma kowanne na lanƙwasa gajimaren ɗan'uwansa. Haka abin yake a benzin, molikul mai zoben kabon shida. Mai kulorin ɗaya yana da kusan 1.7 D. In aka ƙara na biyu a ɗaya gefen zoben suka ba juna baya, sifili. In suna kusurwa 120, lissafi ya ce 1.7, aunawa ma ta ce kusan 1.7. Amma in suna maƙwabtaka a kusurwa 60, lissafi ya ce 2.9, aunawa ta ce kusan 2.5, domin sun matsu suna taɓa juna. Tara kibiyoyi yana gaya maka ko akwai daifol da inda ya fuskanta, kuma yana yin haka da aminci. Lambar da yake bayarwa kuwa kusanto ce.

Akwai wata ƙa'idar hadda ta biyu: wai duk molikul da atom ɗinsa na tsakiya ke da tagwaye marasa ɗauri mai gefe biyu ne. Tana aiki a ruwa da amoniya da SO2, shi ya sa ta samu karɓuwa. Amma XeF4 yana da irin waɗannan tagwaye har biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, fulorin huɗu a shimfiɗe tsakani, daifol sifili. XeF2 yana da uku, kuma miƙaƙƙe ne, sifili. Abin da ake dubawa shi ne daidaiton siffa. Kuma tagwayen da kansu suna da tasu kibiyar. Misalin da ya fi fito da wannan shi ne NH3 da NF3. Siffarsu ɗaya ce, naitirojin a sama da ƙafa uku. Bambancin N–H 0.84 ne, na N–F 0.94, don haka mai hadda zai ce NF3 ya fi. Gaskiyar ita ce NH3 1.47 D, NF3 kuwa kusan 0.23 D kacal. A amoniya ɗauri ukun suna tura ilektiron zuwa naitirojin, fuska ɗaya da tagwayen da ke kansa, sai suka haɗu. A NF3 fulorin na ja ƙasa, tagwayen na fuskantar sama, sai suka kusa cinye juna.

Wasu biyu sun cancanci ambato saboda suna rusa tunanin cewa lambobin Pauling su ne komai. Ozon, O3, atom iri ɗaya ne zalla, bambanci sifili, amma yana da 0.53 D, domin lanƙwasasshe ne kuma atom na tsakiya bai riƙe ilektiron kamar na gefe ba. Iskar CO mai kisa da ke fita daga janareta tana da bambancin 0.89, amma daifol ɗinta kusan 0.11 D ne, kuma gefen negetif yana kan kabon, akasin abin da ma'aunin ke hasashe.

Game da kan kibiya, a yi hattara. Yawancin littattafan kemistiri na makaranta suna zana kibiya mai ɗan kuros a gindi, kanta na nuna gefen negetif. Masana fiziks kuwa daga negetif suke ja ta zuwa fozitif. Girman ɗaya ne, fuskar ce ta juye. Ɗalibi ya bi salon littafin da ake koyar da shi, kuma ya riƙa rubuta δ+ da δ− a kan zanen domin kada mai duba takarda ya yi shakka.

Ta yaya ake auna abin da ido ba ya gani? Hanyar Debye ita ce a sa tururin sinadarin tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu caji, a auna yadda ƙarfin ajiyar cajinsu ya ƙaru. Molikul masu gefe biyu suna ƙoƙarin juyawa su jeru da filin lantarkin, zafi kuma yana hargitsa su. Saboda haka ake maimaita aunawar a zafi daban-daban. In sinadarin yana da daifol na dindindin, tasirin yana raguwa yayin da zafi ke hawa, kuma daga gangarar layin da aka zana ake fitar da lambar. In ba shi da shi, layin ya kwanta ba ya motsi. Lambobin da suka fi inganci a yau ana samun su ne daga yadda filin lantarki ke tsaga layukan da molikul ke bayarwa a zangon maikurowef. Wasu lambobin kuma an auna su ne a narke cikin benzin, shi ya sa za ka ga littafi biyu sun ɗan saɓa. Ruwa da kansa 1.85 D ɗin nan na tururi ne. A cikin ruwa mai gudana maƙwabta suna ƙara janye cajin juna har ya kai tsakanin 2.5 da 3.

Yanzu sai inda muke ganin an fi wuce gona da iri, wato ɗaukar daifol a matsayin amsar kowace tambaya kan tafasa da narkewa. Yana da tasiri, babu musu. A ɗauki sinadarai masu nauyi kusan ɗaya: gas ɗin furofen (C3H8) mai nauyi 44 da daifol kusan 0.1 D yana tafasa a −42, asetaldihaid mai nauyi 44 da 2.7 D yana tafasa a 20, asetonaitiril mai nauyi 41 da 3.9 D yana tafasa a 82. A C2H2Cl2 mai kulorin ɗaya a kan kowane kabon, wanda kulorin ɗinsa ke gefe ɗaya yana da 1.90 D yana tafasa a 60, wanda suke gefe daban-daban yana da sifili yana tafasa a 48. Amma duba asiton, ruwan goge fentin farce: 2.88 D, ya fi ruwa nesa, yana tafasa a 56, ruwa kuwa sai 100. Abin da ruwa ya fi shi da shi ɗaurin haidirojin ne, wanda ke samuwa idan haidirojin na manne da oksijin ko naitirojin ko fulorin, kuma kowane molikul na ruwa na iya yin huɗu. Shi ya sa H2S, mai nauyi kusan ninki biyu na ruwa, yake tafasa a −60. Sannan CCl4 marar daifol yana tafasa a 77, CHCl3 mai daifol a 61. A nan ƙarfin jan wucin-gadi da Fritz London ya bayyana a 1930 ne ya yi rinjaye, domin yana ƙaruwa da yawan ilektiron, kuma yana nan a kowane molikul. Ba a kwatanta tafasa da daifol sai girman molikul ɗin ya yi kusa da juna, kuma an fara tambayar ko akwai ɗaurin haidirojin.

Narkewa ma haka. Metanol da etanol da butanol da heksanol duk daifol ɗinsu kusan 1.7 D ne. Biyun farko suna gauraya da ruwa ko nawa aka zuba. Butanol kusan giram 7 ne ke narkewa a mililita 100, heksanol bai kai giram 1 ba. Kan OH bai canja ba, jelar kabon ce ta yi tsawo ta rinjaye shi. Naitirobenzin yana da kusan 4 D, amma da ƙyar yake narkewa a ruwa. Gishiri kuwa yana narkewa har kusan giram 36 a giram 100 na ruwa saboda ruwa yana rage jan da ke tsakanin ayon biyu kusan sau 80, alhali heksen (C6H14) bai kai sau 2 ba. Sabulu yana aiki ne da wannan rabuwa: jela mai kabon 12 zuwa 18 tana nutsewa cikin maiƙo, kai mai caji yana zama cikin ruwa.

Wannan ilimi yana taɓa tankin mota kai tsaye. Fetur da kananzir duka marasa gefe ne, suna gauraya tsaf ba wani layi da ido zai gani, shi ya sa gurɓataccen kananzir yake yaudarar mai saye har sai ya tashi da fitila ko risho. Ruwa kuwa ba ya shiga fetur, yana kwantawa ƙasan tanki saboda ya fi nauyi, daidai inda famfon mai ke zuƙa. Metanol yana tsakani: yana iya zama cikin busasshen fetur, amma da ɗan ruwa ya shiga sai ya bi ruwan su ware su kwanta ƙasa. Yana daga cikin dalilan da suka sa fetur mai metanol fiye da kima da aka shigo da shi Najeriya a farkon 2022 ya zama matsala ga injuna.

Ga malamin da ke son nuna wa aji da ido, a zuba mililita 5 na ruwa da mililita 5 na kananzir a kwalbar gwaji, kananzir zai hau sama. A jefa ɗan ƙanƙanin ƙwayar aidin da bai wuce kan ashana ba, a toshe a girgiza. Saman zai koma shunayya ko ja-ja, ƙasan ya kusa zama fari, domin I2 ba shi da daifol kuma kusan giram 0.3 kawai ke narkewa a lita guda ta ruwa. A wata kwalbar a sa ƙwaya ɗaya ta fotashiyam famanganet, a nan ƙasan ne zai rine, saman ya zauna yadda yake. Gwajin yakan lalace in aka yi amfani da aidin na wanke ciwo, domin an riga an haɗa shi da abubuwan da ke riƙe shi cikin ruwa, sai ƙasan ya yi ruwan ƙasa yara su rikice. Kada a kusanto da wuta, kada a toshe da yatsa, kuma kada a yi amfani da CCl4 ko benzin ko da tsohon littafi ya ce a yi. Na farko yana lalata hanta, kuma yana cikin sinadaran da aka hana ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal saboda cin ozon, na biyun yana jawo cutar daji ta jini.

Gwajin da aka fi sani shi ne na lanƙwasa ruwa. A buɗe famfon burat ruwa ya zubo siriri, kaurinsa bai wuce milimita 1 ko 2 ba. A goga rular roba ko biro a busasshen gashi ko ulu kamar daƙiƙa 20, a kawo ta kusan santimita 1 daga ruwan, ɗan ƙasa kaɗan da bakin burat ɗin inda bai fara tsinkewa ya zama ɗigo ba. Ruwan zai karkato. A lokacin hunturu gwajin yana fitowa sarai saboda iska a bushe take. Da damina kuwa laima tana kwashe cajin kafin a kai rular, sai a yi ta gogawa a banza. Yana kuma ƙi idan ruwan ya yi kauri, ko rular ta taɓa ruwan ta jiƙe, ko hannu na da gumi. Kada a gwada shi da fetur, tartsatsi ɗaya ya isa. Sai dai a yi gaskiya wajen fassara shi. Ana cewa juyawar molikul ce ke jawo ruwan, amma ruwa yana ɗauke da ayon, kuma rular mai caji tana tara akasin cajinta a jikin ruwan da ke kusa da ita, wannan kuwa yana da babban kaso a lanƙwasar da ake gani. A nuna shi don jan hankali, hujjar daifol kuma a ɗauko ta daga aunawar Debye da lissafin kusurwa.

Tambayar da ɗalibai masu kaifin basira kan yi ita ce: in CO2 ba shi da daifol, me ya sa yake riƙe zafi a sararin sama? Amsar ita ce sifilin na molikul ne a miƙe. Ɗaurinsa suna lanƙwasawa suna miƙewa ba hutawa, kuma duk lokacin da ya lanƙwasa, ko ɗauri ɗaya ya fi ɗayan tsawo, kibiyoyin sun daina soke juna, sai daifol mai canjawa ya bayyana. Canjin nan shi ne sharaɗin shan hasken zafi da ƙasa ke fitarwa. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 78 da 21 na iskar da muke shaƙa, atom iri ɗaya biyu ne, komai miƙewarsu daifol ɗinsu sifili yake zama, don haka hasken zafin yana ratsa su ya wuce.

Wassalam.

Daga wasu malaman kemistiri na makarantun sakandare